Gani Ya Kori Ji: Darasin Tarihi a Fagagen Yaƙin Ringim da Kewayenta

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Kano ya nufi Haɗeja ya san hanyar: a wuce Gezawa, a shiga Ringim, a bi ta Taura da Gujungu, sa'an nan a miƙe gabas. Abin da matafiyi ke gani ta taga bai wuce gonakin gero da dawa ba, da kukoki jefi-jefi, da fadamun da ake noman rani. Babu allo, babu wata alama da za ta shaida masa cewa wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta yi shekara 80, daga 1826 zuwa 1906, tana shan kofaton dawakin yaƙi. Ɗalibin sakandare a Ringim zai iya kawo shekarar da aka fara Yaƙin Duniya na Biyu ba tare da gargada ba, amma in aka tambaye shi abin da ya faru a Fake ko a Kafur, wuraren da mota za ta kai shi ta dawo da shi kafin magariba, sai ya yi zuru.

Laifin ba na yaron ba ne. A zangon karatu na 2009/2010 aka cire Tarihi daga manhajar makarantun firamare da ƙananan sakandare na Nijeriya, kuma sai a watan Nuwamba na 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin mayar da shi. A tsakanin nan an yaye ɗalibai masu ɗimbin yawa waɗanda ba su taɓa zama a ajin Tarihi ba, wasunsu ma yanzu su ne ke riƙe da alli. Tun da darasin ya dawo, tambayar da ta rage ita ce yadda za a koyar da shi, don kuwa in hadda ce kawai ta sunayen sarakuna da shekarunsu, to, an koma gidan jiya. Akwai wata hanya da wasu ƙasashe suka jarraba suka ga amfaninta, ita ce a ɗauki yara a kai su filin da aka yi yaƙin, tare da jagora wanda ya san abin da zai nuna musu.

Ƙasar da ke kan hanyar kowa

Kafin shekarar 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka kuma ɗaukaka Ringim da Dutse zuwa masarautu masu cin gashin kansu, garuruwan nan biyu suna ƙarƙashin Sarkin Kano ne, kuma su ne garkuwarsa ta gabas. Duk maƙiyin da ya taso daga wannan nahiya, sai ya taka su kafin ya hango ganuwar birni.

A ƙarshen 1826 Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno, wanda Hausawa ke kira Shehu Laminu, ya shigo ƙasar Kano da babbar runduna a zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Sarkin Bauchi Yakubu ne ya tare shi a Fake a farkon 1827. Bayan kamar shekara 20 sai ga Buhari, Sarkin Haɗeja, wanda Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe amma ya ƙi tuɓuwa. A farkon shekarun 1850 aka haɗa masa taron dangi, da rundunar Kano a ƙarƙashin Galadima Abdullahi, wanda daga baya ya zama Sarki Abdullahi Maje Karofi, amma Buhari ya tarwatsa su a Kafur, kusa da Haɗeja. Daga nan ya yi ta kai hari garuruwan gabashin Kano har zuwa 1863, shekarar da ya gamu da ajalinsa a yaƙin Gogaram ta ƙasar Bade. Ta kudu kuwa Ningawa sun yi kusan rabin ƙarni suna saukowa daga duwatsu suna ɗibar mutane da dabbobi a wajajen Gwaram da Birnin Kudu da Dutse. Ta arewa akwai Damagaram mai igwa, wadda saboda ita aka ƙarfafa Babura ta zama ribaɗi, kuma a ƙarshen shekarun 1890 Sarkinta Ahmadu Kuran Daga ya kawo yaƙi har kusa da birnin Kano, aka gwabza a Gezawa da Tattarawa. A tsakani ga Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895, tsakanin Tukurawa da Yusufawa, wadda ta raba kan garuruwan yankin. Na ƙarshe su ne Turawa, waɗanda suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, suka ci Haɗeja a ƙarshen Afrilu 1906.

Ke nan malamin da ke Ringim ba ya bukatar fasfo ko kuɗin jirgi kafin ya kai ɗalibansa fagen fama. Abin da yake bukata shi ne sanin yadda ake karanta fili.

Inda al'adar ta samo asali

Sojoji ne suka fara ta. A ƙarni na 19 manyan hafsoshin Furushiya, wato Jamus ta arewa, musamman a zamanin Helmuth von Moltke, sukan hau dawaki da ƙananan hafsoshi su zagaya wani yanki, a tsaya a kowane tudu da kowane mashigin ruwa, a tambayi ƙaramin hafsa abin da zai yi da a ce shi ke jan runduna a nan. Makarantun soja na ƙasashe da dama sun gaji wannan, suka kasa shi mataki uku: karatu kafin tafiya, tsayuwa a filin, da zaman bita bayan an dawo. Wanda ya tsallake matakin farko yawon buɗe ido ya je. Wanda ya tsallake na ƙarshe kuwa, abin da ya gani ba zai kai mako a kansa ba.

Da aka zo cika shekara 100 da Yaƙin Duniya na Farko, gwamnatin Birtaniya ta kawo wannan tsari makarantun farar hula. Daga 2014, na tsawon kusan shekara biyar, an ba kowace sakandaren gwamnati a Ingila damar tura ɗalibai biyu da malami ɗaya zuwa fagagen yaƙi na Faransa da Beljiyam a kyauta. An ɗora wa kowane ɗalibi nauyin isar da abin da ya gano ga aƙalla mutum 110 a garinsu in ya koma. Cikin wuraren da ake kai su har da Thiepval a yankin Somme, inda aka zana sunayen sojoji sama da 72,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba. A ranar farko kaɗai ta wannan yaƙi, 1 ga Yuli 1916, sojojin Birtaniya 19,240 suka mutu.

A nan akwai wani abin lura ga mutumin ƙasar Hausa. Janar ɗin da ya jagoranci rundunar da ta kai hari Thiepval a wannan rana shi ne Thomas Morland, wato Kanar Morland ɗin nan da ya fasa ganuwar Kano a 1903. Shi kuma Lowry Cole, wanda ya jagoranci yaƙin Haɗeja, an kashe shi a arewacin Faransa a watan Mayu na 1915, kabarinsa na can a wata maƙabartar soja, an share, an dasa furanni. Yaron Ingila yana iya tsayawa a kan wannan kabari ya karanta sunan. Ɗan Jigawa kuwa, wanda a ƙasar kakanninsa mutumin ya yi suna, sau da yawa bai taɓa jin labarinsa ba.

Aikin farko: gano filin

Mai karatu zai zaci sanin inda aka yi yaƙi abu ne mai sauƙi. Ba haka ba ne ko a ƙasashen da rubutu ya daɗe da yawaita. A 1485 aka yi yaƙin Bosworth a Ingila, inda aka kashe Sarki Richard na Uku. An gina wurin karɓar baƙi a kan wani tudu, aka yi shekaru fiye da 30 ana kai 'yan makaranta ana nuna musu inda aka ce sarki ya faɗi. Sai a 2009 masana ilimin tone-tonen kufai, bayan sun yi shekaru suna bin gonaki da na'urar gano ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa, suka tsinci dalmar harsashin igwa fiye da 20 a wani fili mai nisan kusan kilomita uku daga tudun. Ashe duk shekarun nan a gefen fagen ake tsayawa.

Amurka ma ta ba da nata misalin. A 1983 gobarar daji ta cinye ciyawar filin Little Bighorn, inda 'yan asalin ƙasar suka hallaka rundunar Custer a 1876. Masana suka yi amfani da wannan dama suka bi filin taku bayan taku, duk kwanson harsashin da suka tsinta sai su sa alamar wurinsa a taswira. Da yake kowace bindiga tana barin tabo irin nata a gindin kwanso, kamar yadda zanen yatsan kowane mutum ya bambanta, sai aka iya bin sawun bindiga guda daga wannan tudu zuwa wancan. Da haka aka gane cewa mayaƙan 'yan ƙasa suna da bindigogi masu cin harsashi da yawa fiye da yadda aka daɗe ana zato.

To, a dawo Fake. Littattafan tarihi sun ce a gabashin ƙasar Kano aka yi karon, kuma akwai gari mai wannan suna a ƙaramar hukumar Kiyawa, gabas da Dutse. Amma gari daban, fagen fama daban. Rundunoni biyu masu dubban dawaki ba a cikin lungu suka haɗu ba. Aikin da ya kamaci ɗalibai shi ne su tambayi dattawa ta wace kusurwa Barebari suka ɓullo, ina suka yi sansani, wace rijiya ko wane tafki suka sha, ko akwai gonar da garma ke tono ƙarfen mashi ko kan kibiya. Sunayen wurare ma shaida ne. Duk inda aka ji Kafin wane, kamar Kafin Hausa, an san an taɓa kafa shingen itace don tsaro. Haka Garu da Sansani da Zango kowanne yana ɗauke da labarinsa.

Sa'an nan a gwada abin da aka ji da abin da aka rubuta. Baturen nan mai yawon bincike, Hugh Clapperton, yana Sakkwato lokacin da labarin yaƙin ya iso a watan Fabrairu na 1827, ya kuma rubuta yadda aka yi murna aka baje ganima. A wajen Sakkwato da Bauchi nasara ce bayyananna, tun da Shehu ya juya gida ya bar kaya a baya, har da tambura. Mutanen Barno kuwa ba su ɗauki abin a matsayin kaye ba, don sun koma da ganima mai yawa da suka tara a hanya. Ɗalibin da aka ajiye wa ruwayoyin nan biyu, aka ce ya auna su yana tsaye a kan ƙasar da abin ya faru, ya fara aikin masanin tarihi ke nan, ko da bai sani ba.

Ruwa, rairayi da lokacin shekara

Me ya sa Shehu Laminu ya taso a ƙarshen shekara, aka kuma gwabza da sanyin hunturu? Amsar tana ƙarƙashin ƙafar ɗalibi. Ƙasar wannan yanki iri biyu ce: jigawa, wato tudun rairayi wanda jihar ta ci sunansa, da fadama mai baƙar laka. Da damina fadama kan zama tarko ga doki, kogi ya cika ya hana ƙetarawa, mayaƙan kansu kuma manoma ne da ba za su bar gona ba. Bayan kaka kuwa rumbuna sun cika, ga karan dawa da harawa don dabbobi, hanya ta bushe. Saboda haka yawancin yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa da rani aka yi su.

Amma rani yana da tasa matsalar. Doki mai aiki a cikin zafi yana shan ruwa lita 30 ko fiye a yini. A ba ɗalibai wannan lissafi: dawaki 1,000 za su bukaci lita 30,000, wato jarka 1,500 irin ta 'yan garuwa mai cin lita 20, kowace rana ta Allah, ban da abin da mahaya da dakaru da 'yan ɗaukar kaya za su sha. Rijiyar ƙauye ba za ta iya wannan ba. Dole runduna ta bi kwarin kogi da tafkuna, kuma duk garin da ke bakin ruwa, kamar Ringim da ke gefen Kogin Haɗeja, ya zama a kan hanyar yaƙi ko ya so ko ya ƙi. Yaron da ya yi wannan lissafi da hannunsa, in aka shimfiɗa masa taswira, shi da kansa zai iya nuna inda runduna za ta bi.

Sai dai jagora ya yi hattara, kada ya bar yara su ɗauka kogin da suke gani shi ne wanda Buhari ya sani. Kogin Kano da Kogin Challawa ne suka haɗu suka zama Kogin Haɗeja, kuma an datse na farko a Tiga a 1974, na biyu a 1992. Kafin madatsun nan ruwa kan zo da ƙarfi a watan Agusta da Satumba ya malale fadamu, da rani kuma ya ja baya har a taka rairayin tsakiyarsa da ƙafa. Yanzu ana sako ruwa har da rani, ciyawar kacala ta toshe wasu hanyoyin ruwan, wasu sun sauya mazauni. Haka kuma dajin da ya ɓoye mahaya a Kafur ya zama gona, ga layin dogo na Kano zuwa Nguru da ya ratsa Ringim tun wajen 1930, ga titunan kwalta. Kafin a karanta fili sai an cire masa duk abin da aka ƙara masa daga baya, kuma wannan aiki ne da malamin Labarin Ƙasa ya fi malamin Tarihi iyawa. Shi ya sa ya kyautu su tafi tare.

Lissafi a gindin ganuwa

A tsofaffin garuruwa da yawa na yankin, abin da ya rage na ganuwa bai wuce wani dogon tudu da awaki ke hawa ba, a gefensa kuma kwari mai tara ruwan sama, wanda shi ne gwalalo, ramin da aka haƙi ƙasar ginin. A da akan bar sarƙaƙiya ta yi duhu a bayan ramin don ta tsayar da doki. A Dutse kuwa duwatsun da suka kewaye Garu, tsohon mazaunin sarauta, su suka ɗauke rabin aikin.

Igiyar awo kaɗai ta isa ta mai da wannan tudu darasi. A ƙaddara ɗalibai sun auna sun samu gindin ganuwa ya kai mita 6, dattawa sun ce tsayinta ya kai kamar haka, kewayenta kuma kilomita 4. In aka ɗauke ta a matsayin mai faɗi a ƙasa mai tsini a sama, ƙasar da ke cikinta ta kai kubik mita 72,000. Kubik mita ɗaya shi ne cikin rami mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi. In mutum guda zai iya haƙa wannan, ya kwaɓa, ya ɗora a yini, to, mutum 500 sai sun yi kwana 144 ba hutawa. Daga nan tambayoyi za su fara fitowa da kansu. Wa ya yi wannan aiki? Wa ya ciyar da su? Wane irin tsoro ne zai sa gari ya ɗauki wannan wahala, ya kuma riƙa yaɓe bayan kowace damina?

A Haɗeja lissafin ya fi ɗaci. Sarki Muhammadu ya ƙi sharuɗɗan da Turawa suka aiko masa, 'yan makonni bayan abin da ya faru a Satiru ta ƙasar Sakkwato, inda aka kashe Turawa aka kuma rama da kisan da ya shafe garin. Haɗejawa sun shahara da dawaki, suna da barade da 'yan lifida da 'yan sulke, ga 'yan baka masu kibiya mai dafi. Dafin nan ma abin nazari ne a ajin kimiyya: daga 'ya'yan ƙwanƙwani ake haɗa shi, tsiron da masana ke kira Strophanthus, kuma sinadarin da ke cikinsa zuciya yake kamawa ya hargitsa bugunta. Amma kibiya ba ta da tasiri sosai in nisa ya kai mita 100. Bindiga mai ruwa ƙirar Maxim kuwa tana zubo harsashi wajen 500 a minti guda, tana kuma kashewa daga nisan da ya ninka wancan sau da yawa.

A sa ɗalibai su auna mita 500 a fili, a kafa sanda a kowane ƙarshe. Doki mai sukuwar kilomita 30 a sa'a yana bukatar minti guda cur kafin ya cinye wannan tazara, wanda aka yi wa lifidi kuwa ya fi haka. A ce wani yaro mai gudu ya taso daga sanda ta farko, sauran su tsaya a ta biyu suna kallon agogo. Ba a bukatar dogon bayani bayan wannan. Za su gane dalilin da ya sa jaruntaka ba ta wadatar ba, su kuma gane irin zuciyar mutanen da suka san haka amma suka ƙi gudu. An shafe sa'o'i ana fafatawa a cikin lungunan garin har zuwa fada, cikin zafin Afrilu wanda a wannan yanki yakan haura digiri 40. A nan aka kashe sarkin tare da wasu 'ya'yansa da manyan hakimansa, shi ya sa har yau ake kiransa Mai Shahada.

Jikokin ɓangare biyu a mota ɗaya

Wannan shi ne wurin da aikin ya fi wuya, kuma jagoran da bai shirya masa ba gara ya zauna a gida. A makarantar kwana ta Jigawa, aji guda yakan haɗa ɗan Haɗeja da ɗan Ringim da ɗan Gumel da ɗan Gwaram, wani lokaci har da Babarbare. Buharin da ake yi wa kirari a Haɗeja a matsayin namijin da ya ƙi sunkuyawa, shi ne wanda a wasu garuruwan gabashin Kano ake tunawa da shi da ƙone-ƙone da kame. Basasa kuwa 'yan gida ɗaya ta raba, jikokin Dabo ne a kowane ɓangare, kuma akwai gidajen da har yanzu ba a son tayar da zancen. Jagoran da ya mai da ziyara filin kirari, ya ware jarumai a nan azzalumai a can, zai dawo da yara sun fi yadda suka tafi rarrabuwa.

Afirka ta Kudu ta ɗanɗana wannan. A bakin kogin Ncome, inda Turawan Bowa suka yi yaƙi da Zulu a 1838, an daɗe da abin tunawa na ɓangare guda kawai. Sai a 1998 aka buɗe wani a ɗaya gaɓar, wanda ke ba da labarin ta bakin Zulu, ya zamana mai ziyara yana jin ruwaya biyu a yini ɗaya.

Akwai kuma gaskiyar da ba ta da daɗin faɗa, amma ɓoye ta ha'inci ne. Rundunar da ta ci Kano a 1903 tana da sojoji baƙar fata sama da 700, Turawan cikinta ba su kai 40 ba, kuma da yawan sojojin nan da Hausa suke magana. Yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 kuma, ko wane suna aka ba su, kamun bayi yana cikin abin da ke tafiyar da su. Waɗanda suka fi shan wuya ba su hau doki ba: manomin da aka ƙone wa rumbu, matar da aka kama a hanyar rijiya, yaron da aka sayar a kasuwar da bai san sunanta ba. Marubutan fada ba su damu da sunayensu ba. Wajen tsofaffin mata ake samun ɗan abin da ya rage na labarinsu, a cikin zancen kaka da kakanni, don haka kuskure ne a taƙaita hira ga maza masu sarauta. Ɗalibai mata su suka fi dacewa da wannan ɓangare, tun da su ke iya shiga cikin gida su zauna a gaban tsohuwa su ce, "Iya, a ba mu labarin da kakarki ta ba ki."

Fagen yaƙi maƙabarta ce, ko an ga kabari ko ba a gani ba. A shiga da sallama da natsuwa, a yi wa mamatan kowane ɓangare addu'a.

Kafin a tayar da mota

Ba a shiga gari a wuce mai gari. Makonni kafin ranar, malami ya je ya gai da hakimi da dagaci, ya bayyana abin da ke tafe da shi, ya roƙi a haɗa shi da dattawan da suka san labari, sa'an nan ya taka filin da ƙafarsa ya zaɓi wurare uku ko huɗu da za a tsaya. A kowace tsayuwa tambaya ɗaya ta isa. Ɗalibai 30 da aka kasa ƙungiya-ƙungiya, waɗannan da igiyar awo, waɗancan da kamfas da takardar zana taswira, wasu da wayar ɗaukar murya, sun fi ɗalibai 200 da aka jera a rana ana yi musu lacca da lasifika. Makarantar da ba ta da kuɗin mota ta fara da abin da ke bayan katangarta, don da wuya a sami tsohon gari a yankin da ba shi da kufai ko ragowar ganuwa. Sassan Tarihi na jami'o'in da ke kusa, da ma'aikatan Gidan Makama a Kano, wurare ne da za a nemi shawara da aron takardu.

Doka guda ba ta da sassauci: ba a tono, ba a kuma ɗauke abin da aka tsinta. Dokar Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta 1979, ta hana haƙar kayan tarihi ba da izini ba. Ban da doka ma, darasin Little Bighorn ya isa hujja, domin darajar kan kibiya tana ga wurin da aka same shi. In yaro ya sa shi a aljihu ya zama guntun ƙarfe kawai. A ɗauki hotonsa a inda yake, a rubuta wurin, a sanar da mai gari da hukuma.

Abin da ke sa a gaggauta shi ne shaidun suna ƙarewa. Ana ɗibar ƙasar ganuwa ana buga tubali, ana cike gwalalo da shara a yanka filaye a kai. Wanda aka haifa a 1940 ya tashi a hannun mutanen da suka ga shigowar Turawa da idonsu, wasunsu ma sun ga Basasa, kuma yau ya haura shekara 80. Duk wanda aka binne a cikin irin waɗannan dattawa ba a ɗauki muryarsa ba, an binne shi da sunan wata rijiya ko wata kuka da babu wanda zai sake nunawa.

Game da lokacin tafiya, watan Disamba zuwa Fabrairu ya fi. An gama girbi, an kwashe kara, ido yana kaiwa nesa, ba kuma za a tattake wa kowa shuka ba. Zafi bai sauko ba tukuna. A irin waɗannan watanni ne rundunar Barno ta ratso yankin, saboda haka hazon da zai hana ɗalibi hango abokinsa daga ɗaya ƙarshen fili irinsa ne mahayan Yakubu suka kutsa a Fake. A tanadi ruwan sha mai yawa, a kuma tashi da sassafe, don a samu dattawa kafin su watse zuwa kasuwa.